Daga Tsakar Gidan Asato Zuwa Birnin Tokiyo

A can gabashin duniya, tsakanin ƙasar Japan da ƙasar Sin, akwai wani siririn tsibiri da a ke kira Okinawa, tsawonsa bai kai mil 70 ba. A zamanin da yana da sarkinsa na kansa. Fadar tana birnin Shuri bisa tudu, tashar jiragen ruwa kuwa tana Naha. A wannan tsibiri ne aka reni dabarar nan ta faɗa da hannu wofi wadda duniya ta sani yau da sunan karate. Kada mai karatu ya zaci dambe ne irin namu, inda a ke naɗe hannu guda a shiga fage makaɗa na zuga. Shi wannan, farkonsa ba fage ba 'yan kallo, ko ɗakin koyo ma babu.

A shekarar 1609 mayaƙan Satsuma, daga kudancin Japan, suka ci tsibirin. Suka bar sarki bisa gadonsa, amma ya riƙa biyansu gandu, aka kuma tsananta doka a kan makamai. An sha faɗin wai manoma ne suka ƙago karate don su yaƙi waɗannan baƙi. Labarin yana da daɗin ji, amma masu binciken tarihi sun nuna yawancin malaman farko 'ya'yan manyan gida ne da barorin fada. Matsumura Sokon, wanda ya fi su suna, mai tsaron lafiyar sarki ne. Su dai suna ce da abin te, watau hannu, ko kuwa hannun Sin, sabo da an samo da yawa daga cikin dabarun a wurin mutanen Sin. Malami ya kan koya wa ɗansa da wasu ƙalilan da ya yarda da halinsu, a ɓoye, shi ke nan.

A 1879 Japan ta tuɓe sarkin ta mai da tsibirin ɗaya daga cikin lardunanta. Wajen wannan lokaci ne wani yaro mai yawan laulayi, Funakoshi Gichin, wanda aka haifa a Shuri a 1868, ya shiga hannun wani babban mutum mai suna Asato Anko, sabo da ajinsu ɗaya da ɗansa. Daga labarin rayuwarsa da Funakoshi ya rubuta da tsufansa muka san yadda makarantar ta ke.

Tsakar gidan malam ita ce makaranta, dare kuwa shi ne lokacin karatu. Yaro ya kan ɗauki fitilarsa ya taka har gidan Asato, ba shi komowa sai goshin asuba. Har maƙwabta suka fara tsegumi, suna zaton yawon banza ya ke zuwa. Malam na zaune a barandar gida, fitila na gefensa, yaro na ƙasa yana yin kata. Ita kata jerin motsi ce da aka tsara tun kaka da kakanni: taku, da karewa, da naushi, da shuri, da juyawa, mutum shi kaɗai kamar abokan gaba sun kewaye shi. Ya yi ta daga farko har ƙarshe, malam ya ce ya sake. Ya sake, a ce ya kuma. Haka za a yi ta yi dare bayan dare, wata da watanni, ba a ƙara masa sabuwa sai malam ya ga waccan ta zauna a jikinsa. Yabo kuwa sai an daɗe a ke jin kalma guda. Mutanen da sun ɗauka shekara uku ce ta dace da kata ɗaya, shi kansa Funakoshi ya ce shekara goma ya yi a kan wasu guda uku.

To, wani zai ce wannan ai wahalar da yaro ne kawai. Lalle da wahala, amma a duba abin da a ke ba shi. Wanda aka koya wa inda zai bugi mutum ya faɗi, an ba shi makami wanda ba mai iya karɓewa daga baya. Sabo da haka malam ya ke jan lokaci. Mai zafin zuciya da mai neman a san da shi a kasuwa ba su jure wa shekara uku a kan abu guda, da kansu su kan gudu. Wanda ya saura, malam ya riga ya san shi ciki da bai. In an gama motsa jiki kuma, Asato ya kan zaunar da yaron su yi hira, ya tambaye shi labarin zamansa, ya yi masa zancen duniya. Kuma ba ya kishin almajirinsa. Shi da amininsa Itosu Anko tare suka rene shi, har su kan tura shi wurin waɗansu malamai ya ƙaro abin da su ba su da shi.

Kayan aiki ba su da yawa. Akwai makiwara, wani katako ne da a ke kafawa a ƙasa a naɗe kansa da igiyar ciyawa, mutum ya yi ta naushinsa har gaɓoɓin yatsu su yi kanta. A Naha, wurin Higaonna Kanryo da almajirinsa Miyagi Chojun, a kan ɗauki tuluna biyu cike da yashi, a riƙe bakinsu da yatsu kaɗai, a yi ta taku da su.

Itosu ne ya buɗe ƙofa. A 1901 ya shigar da karate cikin wata makarantar yara ta Shuri, daga baya har makarantar midil da ta horon malamai. Da ya ga tsofaffin kata sun yi wa yara nauyi, sai ya tsara sababbi guda biyar masu sauƙi, a ke kiransu Pinan. Daga nan koyo ya sake kama: malami ɗaya a gaba, yara sahu-sahu, ana ƙidaya suna motsi tare.

Funakoshi, wanda ya yi shekara talatin da 'yan kai yana malamin makaranta, ya tafi Tokiyo a 1922 don ya nuna karate a wani taron wasanni da Ma'aikatar Ilmi ta shirya. Niyyarsa ya komo gida, sai Kano Jigoro, wanda ya kafa wasan judo, da waɗansu suka roƙe shi ya ƙara nunawa, har zama ya kama shi. Ya sauka a gidan kwanan ɗaliban Okinawa, yana share ɗakuna da gyaran lambu don ya biya kuɗin wurin kwana, dattijo mai shekara 53, matarsa kuwa tana can tsibiri. A hankali ɗaliban jami'o'i suka soma zuwa, Jami'ar Keio ta kafa ƙungiyarta a 1924. A ƙarshen shekarun 1930 almajirai suka tara kuɗi suka gina masa ɗakin koyo, watau dojo, suka sa masa suna Shotokan, don Shoto shi ne sunan da ya ke sa wa a ƙarƙashin waƙoƙinsa.

Mutum ɗaya ba shi iya sanin halin almajiri ɗari kamar yadda Asato ya san na guda. Sai aka nemi abin da zai tsaya a madadin idon malam, aka aro shi daga al'adun Japan. Daga judo aka ɗauko fararen tufafi da ɗamara mai nuna matsayi, a 1924 Funakoshi ya fara ba da baƙar ɗamara. Mai shiga dojo ya tuɓe takalmi a ƙofa ya rusuna. A durƙusa a sahu, wanda ya riga shiga makaranta shi ne gaba, ko da ɗan wane ne na bayansa. Manyan almajirai su ke gyara wa ƙanana tsayuwa, su ne kuma a ke tuhuma in ƙanana sun yi rashin ladabi. In an tashi a ɗauki tsumma a goge daɓen katako. Da tsakiyar hunturu a kan keɓe kwanaki ana fitowa tun da asuba, ƙafa ba takalmi, don a ga mai naciya. Har wa yau haka a ke yi a makarantun da suka riƙe tsohuwar hanya.

Amma samari ba su da haƙurin tsofaffi. Suna so su kara da juna a ga gwani, shi kuwa Funakoshi ya tsaya a kan kata, yana cewa mai karate ba shi fara kai hannu. Da ɗaliban wata jami'a suka sa sulken wasa suka shiga bugun juna, sai ya daina zuwa koya musu.

Yaƙin duniya na biyu ya cinye kusan kome. A 1945 bom ya ƙone Shotokan, aka rushe fadar Shuri, almajirai da yawa ba su komo daga fagen fama ba, ɗansa Gigo kuma, wanda ya ke riƙe masa makaranta, tarin fuka ya kashe shi. Waɗanda suka tsira suka sake haɗuwa, suka kafa Ƙungiyar Karate ta Japan a 1949, dattijon na shugaban malamai. Ya rasu a watan Afrilu 1957 yana da shekara 88. A watan Oktoba na wannan shekara ƙungiyar ta yi gasarta ta farko ta ƙasa duka a Tokiyo, da alƙalai da 'yan kallo.