Tumbatsar bafa a harshen C

Tumbatsar bafa, wadda a Turance ake kira buffer overflow, kuskure ne a shirye-shiryen kwamfuta da ke faruwa idan manhaja ta rubuta bayanai fiye da girman gurbin da aka ware musu a ƙwaƙwalwar kwamfuta, rarar ta faɗa kan abin da ke maƙwabtaka. An fi saninta a harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a wajajen 1972, domin harshen ba ya duba iyakar jeri lokacin da manhaja ke aiki. Wannan aikin ya bar wa mai rubuta manhajar.

Yadda take faruwa

A C ana fara ƙidayar jeri daga 0. Jeri mai gurbi 10 yana ƙarewa ne a gurbi na 9, saboda haka madaukin da aka rubuta da i <= 10 zai taɓa gurbin da babu shi.

Rubutu ya fi saurin jawo matsalar, domin kowace kalma tana buƙatar ƙarin bayit ɗaya na sifili a ƙarshenta. Idan aka ware char gari[7], sunan "Safana" zai shiga daidai: haruffa 6 da sifili. "Batsari" kuwa haruffa 7 ne, yana buƙatar bayit 8, kuma strcpy za ta kwafe shi duka ba tare da gargaɗi ba. Ga masu aiki da rubutun Hausa akwai ƙarin tarko: a tsarin UTF-8 haruffa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bayit 2 yake ci. "Ɗanmusa" haruffa 7 ne a ido, amma gurbi 9 yake nema.

Haka kuma akan rubuta malloc(n) a inda ake nufin malloc(n * sizeof(int)), ko a yi amfani da sizeof kan jerin da aka miƙa wa wani aiki, alhali a can girman manuni kawai take bayarwa.

Illa

Ƙa'idar C ba ta fayyace abin da zai biyo baya ba. Manhajar na iya mutuwa nan take, ko ta ci gaba da aiki da gurɓatattun bayanai har tsawon watanni, wanda shi ne mafi wuyar ganowa. Idan rarar ta danne adireshin da aiki zai koma bayan ya gama, mai kutse na iya karkatar da manhajar ta bi umarninsa.

Tarihi

A ranar 2 ga Nuwamba 1988, tsutsar Morris ta bazu a intanet, kuma ɗaya daga hanyoyinta ita ce tumbatsa bafa a manhajar fingerd, wadda ke karɓar rubutu da gets. A 1996 Elias Levy, da laƙabin Aleph One, ya bayyana dabarar dalla-dalla a mujallar Phrack. Code Red a 2001 da SQL Slammer a Janairun 2003 duk ta wannan ƙofa suka shiga. Sai a ƙa'idar C11 ta 2011 aka cire gets daga harshen baki ɗaya.

Kariya

Ana amfani da fgets da snprintf, waɗanda ake faɗa musu girman gurbi. strncpy ba ta kai su aminci ba, don takan bar rubutu babu sifilin ƙarshe. AddressSanitizer da Valgrind suna kama irin wannan kuskure lokacin gwaji, sai dai Valgrind ya fi gane wanda ya shafi gurbin malloc.