3.4 Wahalar Aikin Mataimakin Maɗori a Ƙasar Aliero

Kamar yadda aka gani a babin da ya gabata, garin Aliero da ke masarautar Gwandu ya yi suna wajen ɗorin karaya tun kafin a cire jihar Kebbi daga jihar Sakkwato a shekarar 1991. Sai dai in ana tarihin wannan sana'a, maɗori kaɗai ake ambato, a manta da wanda ke riƙe masa majinyaci.

Galibi ɗa ne ko ƙane ke wannan aiki, domin ɗori gado ne. Shi ke danne majinyaci, ya ja ƙafa ko hannu da iyakar ƙarfinsa har ƙashi ya koma mazauninsa, alhali ba a ba mai karayar maganin kashe zafi ba. Karayar cinya ta fi kowace wuya, saboda naman wurin yana takurewa ya ja ƙashin, har sai ƙarti biyu ko uku sun taru. Ba zai saki ba sai an jera kara an naɗe da tsumma, yana tsugune, baya da gwiwa na ciwo. A ganin mai wannan bincike, yawaitar motoci da baburan kabu-kabu daga shekarun 1980 ta ƙara nauyin aikin, domin karayar hatsari ta fi ta faɗuwa daga jaki muni.

Ko a Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a Kano a 1959, allurar barci ta rage kokawa da majinyaci ne kawai. Ja da riƙo da ɗaukar mara lafiya suna nan a wuyan mai naɗa filasta.