Adana Bayanai a Ƙasar Haɗejiya: Daga Gafaka Zuwa DNA

Adana bayanai shi ne ajiye rubutu, lissafi, murya ko hoto yadda na baya za su tarar da su. A ƙasar Haɗejiya aikin ya daɗe yana fama da gara da zafi, uwa-uba ruwa.

Ma'ajiya ta farko ita ce kan mutum. Maroƙan fada suna riƙe da jerin sarakuna, alarammomi suna riƙe da Alƙur'ani, kuma garin ya yi suna wajen hadda. Abin da ake so ya wuce mai shi kuwa, sai takarda. A ƙarni na 19 malamai sun fi samun takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, fatake su ratso Sahara da ita. Da alƙalamin kara ake rubutun, da tawada mai ƙaro. Ba a ɗinke warƙoƙin; a jera su cikin tadarishi, a zura a gafaka, a rataye a bango nesa da laimar ƙasa. In littafi ya fara cinyewa, sai almajiri ya zauna ya kwafe shi harafi bayan harafi. Wannan kwafin ya tsirar da ilimi fiye da ingancin takardar kanta.

Bayan yaƙin Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun sojan Ingila, fayil da rasit ɗin haraji da na jangali suka shigo ofisoshin En'e. Takardun Lardin Kano, wanda Haɗejiya take ciki a lokacin, da dama suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Daga baya kaset ya zo, faifan CD ya ture shi, yau kuma komai yana cikin memorin waya. Kowanne ya fi na gabansa ɗaukar kaya, amma ba lallai ya kai shi ƙarko ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta shiga Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa da Guri, kuma in ɗakin ƙasa ya rushe cikin ruwa, da takardar gona da waya tafiyarsu ɗaya. Asara ce da ba a cika lissafa ta ba, alhali ita ke haifar da rigimar gado shekaru bayan ruwa ya janye.

Rashin ƙarko ya sa masana suka juya ga DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halittar kowane mai rai. Kwamfuta tana rubutu da 0 da 1, DNA kuwa da tubala huɗu, A, C, G da T. Sai a mayar da lambobin zuwa waɗannan haruffa, a harhaɗa sinadarin a ɗakin gwaji, a busar da shi. Ranar buƙata na'ura ta karanto. A 2012 George Church na Jami'ar Harvard ya rubuta littafi sukutum ta wannan hanya. A 2017 Yaniv Erlich da Dina Zielinski suka nuna giram ɗaya zai iya ɗaukar fetabait 215, wato gigabait miliyan 215.

Tsada da jinkiri ne cikas. Rubuta megabait 2 a gwajin 2017 ya ci kusan dala 7,000, kuma a 2019 na'urar Microsoft da Jami'ar Washington ta yi awa 21 kafin ta rubuta kalma ɗaya ta karanto ta. Shi ma DNA laima da zafi suna lalata shi, dalilin da ya sa Robert Grass a Zurich ya killace shi cikin ƙwayoyin gilashi a 2015. DNA ya fi dacewa da abin da ba a buɗewa kullum, irin rajistar filaye da kundin malamai.

Sai dai ba abin da ke shiga DNA sai an fara ɗaukar hotonsa a kwamfuta. Shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki nauyin irin wannan aiki a Kaduna da Yola. Gafakokin da ke rataye a zaurukan Haɗejiya suna buƙatar irinsa kafin wata damina.