Yadda Tsohon Irin Kel Ya Tsira a Lambunan Bayan Gida

Kel ɗan'uwan kabeji ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai shi ba ya dunƙule kai. Ganyensa a buɗe yake, ana tsinka daga ƙasa yana tofowa daga sama. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin tsirrai na Girka, Tiyofarastus, ya ambaci wani iri mai nannaɗaɗɗen ganye. Kabeji mai kai sai daga baya ya bayyana.

Sanyi ne ya sa talakan Turai ya rungume shi. Idan hunturu ya kama, ƙanƙara ta ƙone kayan lambu, kel yana nan tsaye, har zaƙi sanyin ke ƙara masa. Kowane yanki kuwa ya zaɓi nasa, shekara bisa shekara, ana barin mafi kyau ya yi 'ya'ya. Mutanen Tuskani a Italiya suka riƙe mai dogon ganye baƙi-baƙi da suke zubawa a miyar ribollita, na kewayen Bremen a Jamus suka fi son mai nannaɗe. A Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta yi ta kiran jama'a su shuka shi a bayan gida.

Bayan yaƙi aka shiga zamanin irin kamfani, wanda aka yi wa aure, wanda sai manomi ya sake saye kowace shekara. A shekarun 1970 dokokin Turai suka hana sayar da irin da ba a yi wa rajista ba, kuɗin rajistar kuwa ya fi ƙarfin ƙananan masu iri. A ganina asarar da aka yi nan ba ƙarama ba ce. A 1975 wani mai suna Lawrence Hills ya buɗe ma'ajiyar tsofaffin iri a Ingila, ana raba wa 'yan ƙungiyarsa irin maimakon sayarwa. A shekarar ne kuma aka kafa ƙungiyar adana iri ta Seed Savers Exchange a Amurka.

Masu lambun gida su suka ɗauki nauyin, kuma aikin da wuya. Kel ba ya fure sai a shekara ta biyu, bayan ya sha sanyi, idan kuma kabeji na fure kusa, ƙudan zuma sai su gauraya irin. Wasu ma, kamar Daubenton na Faransa da Taunton Deane na Ingila, da wuya su yi 'ya'ya. Reshe ake yankowa a dasa, maƙwabci ya ba maƙwabci, kuma har yau haka ake yaɗa su.