Kundi: Daga Gafakar Malam Zuwa Tsarin Mulki

Ɗalibin da ya taso daga Ikara, Maƙarfi ko Kudan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba ya karɓar digiri sai ya miƙa kundi, ɗan siyasa kuma in gardama ta yi zafi sai ya ce a duba kundin tsarin mulki na 1999. Shi ya sa da yawa suka ɗauka kundi duk wani dogon rubutu ne. Tarihin kalmar bai ce haka ba. Tun kafin zuwan Turawa, malaman ƙasar Zazzau suna da littafi, suna kuma da kundi. Littafi, wanda sunansa ya fito daga Larabci, aikin marubuci ne da ake kwafa daga farko zuwa ƙarshe. Kundi kuwa tarin warƙoƙi ne marasa ɗinki da malam ke tarawa tsawon rayuwarsa, a ɗaure cikin tadarishi, a saka a gafaka. A wancan zamani takarda tana da tsada, domin yawancinta daga Italiya fatake ke kawo ta ta hamada, mai tambarin jinjirin wata uku, don haka ba a rubuta komai a kanta sai abin da ake tsoron ya ɓace. Ashe kaurin kundi daga baya ya zo. Asalinsa ajiyar abin da za a koma a duba ne.

Wani zai ce kundin malam sirri ne na laƙani da hatimi, tsarin mulki kuwa na kowa ne, ina alaƙarsu? Gaskiya ne akwai asirai a ciki, amma akwai kuma addu'o'i, magunguna, wasiƙu da fa'idojin da malam ya ji daga bakin malamansa. Abin da ya haɗa su shi ne hujja: in an rasa mafita, can ake komawa. Bahaushen da ya ɗora wannan suna kan takardun zamani girmama su ya yi.

Saboda haka bai kamata mu riƙe sunan, mu bar ainihin kundayen gara tana ci a zaurukan gidajen malamai ba. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, yana adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Magadan malamai su yarda a ɗauki hoton warƙoƙin da ba na sirri ba, asalin ya zauna a hannunsu.