Tarihin alamar zance da hamza a rubutun Hausar boko

Marubutan ajami ba su da wata alama ta musamman da ke ware maganar wani daga tasu. Kalmomi irin su «ya ce» da «in ji» su ne ke yin wannan aiki. Alamar zance ta shigo Hausa ne tare da boko, kuma ta ƙofa biyu ta shigo. A arewacin Nijeriya, inda aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, an bi al'adar Ingilishi, wato ƴan waƙafi biyu ko ɗaya a saman layi. A Nijar kuwa maɗaba'u sun gaji alamar Faransanci mai kusurwa, « », wadda bisa al'adar Faransa ake barin ɗan fili a cikinta.

Tarurrukan daidaita rubutu sun fi mayar da hankali ga baƙaƙe da wasula. Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, da taron Yamai na 1980 na daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, sun tattauna ƙugiyoyin ɓ, ɗ, ƙ da batun dogon wasali. Ƙa'idar Nijar ta 1999 ta tabbatar da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Alamar zance dai ta ci gaba da bin al'adar kowace maɗaba'a.

Abin da ya sa batun ke da nauyi shi ne hamza. A cikin sa'a, jama'a da ma'ana, wannan ɗan waƙafi na sama baƙi ne cikakke, domin yana wakiltar sauti. Amma keken rubutu maɓalli ɗaya ya tanadar wa hamza da alamar zance mai waƙafi ɗaya, ƙugiyoyin kuma sau da yawa da alƙalami ake ƙara su bayan an gama bugu.

Zuwan kwamfuta ya warware rabin matsalar. Tun 1991 tsarin Unicode ya ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ lambobinsu, ya kuma ware wata lamba, U+02BC, ga waƙafin saman da ke aikin baƙi. Sai dai manhajojin tsara shafi, irin su InDesign, suna zaɓar siffar alamar zance ne bisa harshen da aka saita wa rubutu. Idan an saita Faransanci, sai « » ta fito. Idan Ingilishi ne, sai ƴan waƙafi. A saitin Ingilishi, waƙafin da ke farkon 'ya'ya yakan juye ya koma alamar buɗe zance, kuma rarraba kalma a ƙarshen layi sai ta bi gaɓoɓin baƙon harshe.

Bisa ga wannan tarihi, abu uku ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su tsayar kafin a fara aiki: siffa ɗaya ta alamar zance a dukan littafi, lamba ɗaya ta hamza, da kashe sauyin da manhaja ke yi da kanta. Babban mutum da ya fara koyon karatu a Tawa ko Damagaram yana dogara ne ga siffar da ya gani a darasin farko. In hamza ta sauya fuska tsakanin shafi da shafi, shi za ya ɗauka baƙi biyu ne daban.