Furotin E na ƙwayar cutar shawara

Furotin E shi ne furotin da ya lulluɓe bayan ƙwayar cutar zazzaɓin shawara da danginta, wato dengi, Zika da zazzaɓin West Nile. Dukkansu bairos ne da sauro ke yaɗawa. Da wannan furotin ƙwayar take maƙalewa a jikin tantanin ɗan'adam ta shiga ciki, kuma shi garkuwar jiki take fara ganewa. Saboda haka siffarsa ce masana suke dubawa wajen haɗa allurar rigakafi.

Siffa

Kowace ƙwaya tana ɗauke da furotin E guda 180, a kwance bibbiyu. Kowane ɗaya yana da sassa uku: na tsakiya, da mai ɗan tsinin da ke huda bangon tantani, da wanda ake ganin yana kama tantanin. Félix Rey da Stephen Harrison tare da abokan aikinsu ne suka fara bayyana wannan siffa a shekarar 1995, daga wani bairos na wannan dangi da kaska ke yaɗawa. A 2002 Richard Kuhn da Michael Rossmann na Jami'ar Purdue a Amurka suka fitar da siffar ƙwayar dengi gaba ɗayanta, sannan ta Zika a 2016.

Allurar 17D

An samo ƙwayar shawara a 1927 daga jinin wani ɗan ƙasar Gana mai suna Asibi, a lokacin aikin hukumar bincike ta Rockefeller mai cibiya a Yaba, Legas. Max Theiler ya yi ta rainon ƙwayar a ɗakin gwaji har ta yi rauni, aka samu allurar 17D a 1937, kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1951. A 1987 aka kwatanta ta da ta Asibi, aka ga sun bambanta a gurabe 32 na tubalan furotin, 12 daga ciki a furotin E. Ƙwayar ta rasa ƙarfin kashe hanta, amma siffar da garkuwar jiki ke ganewa tana nan. Da yake ƙwayar shawara iri ɗaya ce a idon garkuwar jiki, allura ɗaya tana ba da kariya har ƙarshen rayuwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2013.

Matsalar dengi

Ƙwayar dengi iri huɗu ce, kuma furotin E ɗinsu ya ɗan bambanta. Garkuwar da aka samu daga iri ɗaya takan kama wani irin ba tare da ta kashe shi ba, har ta taimaka masa shiga tantani, ciwon ya tsananta. Allurar Dengvaxia, wadda aka amince da ita a 2015, an haɗa ta ne ta hanyar ɗora furotin na lulluɓin dengi a kan ƙwayar 17D. A 2017 aka gano tana iya ƙara haɗari ga waɗanda ba su taɓa kamuwa da dengi ba. Yanzu masu bincike suna mai da hankali kan mahaɗar furotin E guda biyu, wadda ta yi kama a dukkan nau'o'in huɗu.

Magani

Masu neman magani sun fi duba furotin na ciki, kamar NS3 mai yanka furotin da NS5 mai kwafar ƙwayar halitta. Idan aka san siffar ramin da suke aiki da shi, ana iya ƙera sinadarin da zai toshe shi. Har yanzu babu maganin da aka amince da shi mai kashe ƙwayar shawara ko ta dengi. Jinya ce kawai ake yi wa majinyaci.

A Najeriya

Shawara ta sake ɓulla a 2017 daga Jihar Kwara, kuma Kano na cikin jihohin da aka tabbatar da ita. A watan Agustan 2019 aka samu majinyaci a Kano wanda ya ziyarci gandun dajin Yankari, inda annoba ta ɓarke a Jihar Bauchi. An kuma tabbatar da dengi a Sakkwato a ƙarshen 2023.

Tun 2004 allurar shawara tana cikin rigakafin yara na yau da kullum, ana yin ta a wata tara tare da ta ƙyanda. A ƙananan hukumomin karkara irin su Ƙaraye da Rogo da ke yammacin Jihar Kano, ana samun ta a cibiyoyin lafiya na matakin farko. Sauron Aedes mai yaɗa cutar yana cizo da rana, yana hayayyafa a ruwan randa, tulu, tsofaffin tayoyi da kogon itace, musamman da damina. Tun da babu magani, allurar da rufe mazubin ruwa su ne babbar kariya.